Tarihin Ma'aunin Haske da Sauti a Kyamara da Rikoda

Tun asali kyamara da rikoda matsalarsu guda ce: haske ko sauti in ya yi yawa aiki ya ɓaci, in ya yi kaɗan ma haka. A da mai ɗaukar hoto kan dubi sama ne ya kintaci girman kafar da haske zai bi da tsawon lokacin da za ta zauna a buɗe. In ya zarce hoto ya ƙone, in ya gaza ya fito da duhu.

Mafita ta fito daga sinadarin seleniyam. A 1873 wani injiniyan Ingila, Willoughby Smith, ya lura cewa haske na sauya yadda lantarki ke ratsa shi. A 1932 kamfanin Weston na Amurka ya fitar da ma'aunin haske na hannu, mai allura da ke motsi gwargwadon hasken wuri. Shekara 6 bayan haka Kodak ya sa ma'aunin a jikin kyamarar Super Six-20, ta zama mai tsayar da girman kafar da kanta. Sai dai dala 225 ake sayar da ita, don haka ba ta yi kasuwa ba. Agfa Optima ta Jamus, a 1959, ta haɗa zaɓen kafa da na lokaci. Topcon RE Super ta Japan, a 1963, ta koma auna hasken da ya ratso gilashin kyamarar kansa, kafin Canon AE-1 ta miƙa lissafin ga 'yar ƙwaƙwalwar kwamfuta a 1976.

Na sauti kuwa a rediyo ya faro. Tashar nesa takan taso da ƙarfi, can ta dusashe, mai saurare na ta faman murɗa maɓalli. A 1925 Ba'amurke Harold Wheeler ya ƙirƙiro tsarin da ke rage ƙarfi in sauti ya taso, ya ƙara in ya faɗi. Bayan Philips ya fito da kaset a 1963, irin wannan dabara ta shiga ƙananan rikodoji, waɗanda aka ɗauki wa'azi da waƙa da su a ƙasar Hausa.

Duka biyun tsaka-tsaki suke nema, kuma nan ne kasawarsu. Ma'aunin haske na ɗaukar cewa duk abin da ke gabansa in an gauraya ruwan toka ne. Shi ya sa mai farar babbar riga a ranar Sallah kan fito fuska baƙi ƙirin, domin kyamara ta ga fari ta tsuke kafa. Haka rikoda: malami na yin shiru sai ta ɗaga ƙarfi, a ji shuu na kaset da kukan fanka, yana ci gaba ta danne. Kyamarorin wayar yau na rage wannan ta hanyar gano fuska su auna haskenta, amma ƙwararru har yanzu sukan kashe tsarin su saita da hannu.