Jirgin da Aka Sauke wa Kaya: 'Yan Fashin Teku daga Fim zuwa Gidajen Gem na Kaduna

Ruwan Kogin Kaduna sai ya ratsa ƙasar Nufe ya faɗa Kwara, Kwara kuma ta yi ta gangarawa kudu, kafin ya sadu da teku. A zahiri ke nan babu abin da ya haɗa ɗan Kawo ko ɗan Unguwar Rimi da jirgin ruwa mai tafiya da iska da igwogi a haƙarƙarinsa. Amma duk wanda ya tashi a shekarun 2000 yana kallon fina-finan Amurka a faifai, da wuya a ce bai san Jack Sparrow ba, ɗan fashin tekun nan mai tangaɗi da kwalli a ido. Wasu ma sun tuƙa jirginsa da hannunsu a na'urar PlayStation.

Tarihin wasannin bidiyo da aka ciro daga waɗannan fina-finai tarihin kwafi ne a kan kwafi. A kowane zango an ƙawata labarin, an kuma zubar da wani abu daga cikinsa. Abin da aka fi zubarwa ya shafi mutanen Afirka ta Yamma kai-tsaye.

Daga wurin shaƙatawa zuwa majigi

Asalin Pirates of the Caribbean wani sashe ne na dandalin shaƙatawa na Disneyland a Kalifoniya, wanda aka buɗe a watan Maris na 1967, watanni uku bayan mutuwar Walt Disney. Mutane kan hau ƙananan kwale-kwale su ratsa tsakanin mutum-mutumi masu motsi, suna kallon 'yan fashi na ƙone gari suna rera waƙa. Ɓarna ce aka mayar abin dariya domin iyali su shaƙata.

Masu shirya wasannin kwamfuta sun riga masu fim cin gajiyar wannan duniya. A 1987 Sid Meier ya fitar da Pirates!, inda ɗan wasa yake yawo a Tekun Karibiyan yana fatauci da yaƙi yadda ya ga dama. A 1990 Ron Gilbert ya fitar da The Secret of Monkey Island, kuma ya sha bayyana cewa dandalin Disney da littafin Tim Powers mai suna On Stranger Tides ne suka haska masa hanya. A ɓangaren fim kuwa kasuwar ta mutu murus. Cutthroat Island na 1995 ya laƙume kusan dala miliyan 100 bai maido ko kashi ɗaya bisa biyar ba, wasan da aka yi masa a na'urorin Sega da Super Nintendo ma ya bi shi kushewa. Daga nan masu zuba jari suka ɗauki fim ɗin 'yan fashin teku tamkar rijiya gaba dubu.

Sai a 2003 Disney ta yi ƙundunbala ta fitar da The Curse of the Black Pearl, Gore Verbinski ya ba da umarni, Johnny Depp ya fito a Jack Sparrow. Fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 650, na biyunsa kuma a 2006 ya haura biliyan ɗaya.

Wasan da aka yi wa aron suna

Al'adar masana'antar a lokacin ita ce duk babban fim ya fito da wasansa a tare, domin talla ɗaya ta sayar da haja biyu. Matsalar ita ce wasa mai kyau yana cin shekaru, ranar fitar fim kuma ba ta jiran kowa. Wasan farko na 2003 ya nuna inda wannan gaggawa take kaiwa. Wani kamfanin Rasha mai suna Akella yana cikin shirya wasansa, Sea Dogs II, sai aka ƙulla yarjejeniya aka canja masa suna zuwa Pirates of the Caribbean, Bethesda ta fitar da shi. Wanda ya saya yana neman Jack Sparrow sai ya tarar da wani jarumi daban, ba abin da ya gada daga fim ɗin sai jirgin Black Pearl da ƙwarangwal masu yawo da muryar Keira Knightley tana ba da labari.

Wasu suka biyo baya. The Legend of Jack Sparrow ya fito a 2006 a PlayStation 2 da muryar Depp kansa, At World's End ya fito a 2007, sai Lego Pirates of the Caribbean a 2011 wanda ya tattara fina-finai huɗu ya mayar da su wasan yara. Mafi girman buri a cikinsu, Armada of the Damned, an soke shi a Oktoban 2010 kafin ya kai kasuwa, wanda ake bugawa a intanet kuma aka rufe shi a Satumban 2013. Kayan aro, in ji Bahaushe, ba ya rufe katara.

Yadda faifai yake isowa

Da Turanci kalma ɗaya ce take nufin ɗan fashin teku da mai satar fasaha, kuma a nan tarihin ya yi wa masu haƙƙin mallaka dariya, domin wasannin 'yan fashi sun fi yawo a ƙasarmu ta hannun 'yan kwafi. PlayStation 2 ta fito a 2000, an sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, wadda aka yi amfani da ita a Turai kuma ta yi ta kwararowa Najeriya da araha. Masu gyara sukan yi mata dabara ta karɓi faifan kwafi, wanda kuɗinsa bai kai ko kusa da na asali ba. Hanyoyin da fina-finan Indiya da na Amurka suka daɗe suna bi, daga kasuwar Alaba ta Legas da Ƙofar Wambai ta Kano zuwa rumfunan kayan lantarki irin na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, su ne a shirye domin ɗaukar wannan sabuwar haja. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya nuna yadda satar fasaha a Kano ta zama hanyar rarraba kaya mai tsari, wadda fim ɗin Hausa ma ya hau kanta ya bunƙasa.

Sai dai gidan gem yana da nasa lissafi. Mai shago yana biyan haya, yana zuba wa janareta mai, kuɗinsa kuma yana fitowa ne daga yawan waɗanda suka zauna suka tashi. Ƙwallon ƙafa da wasannin dambe sun dace da wannan, domin mutum biyu za su kara na 'yan mintuna, wanda aka ci ya ba da wuri. Wasan labari kuwa na mutum ɗaya ne, yana cin sa'o'i, yana buƙatar katin ajiya, in aka ɗauke wuta kafin a ajiye an koma baya. Shi ya sa irinsa ya fi zama rabon mai na'ura a gida. Ƙari a kan haka, bayanin labarin da Turanci yake, mai gaggawa kuma tsallake shi yake yi. Abin da ya rage a hannun ɗan wasa shi ne takobi da jirgi da akwatin zinariya.

Abin da ke cikin jirgin

Zamanin da fina-finan suke kwaikwayo, farkon ƙarni na 18, shi ne lokacin da cinikin bayi ta Tekun Atilantika yake ƙara haɓaka, kuma 'yan fashi sun fi sha'awar jiragen bayi saboda girmansu da saurinsu. Queen Anne's Revenge, jirgin Blackbeard da ya fito a fim na huɗu a 2011 da wasan Lego, jirgi ne na gaske. Sunansa na farko La Concorde, na Faransawan birnin Nantes, ya ɗauko 'yan Afirka 516 daga Ouidah da ke Jamhuriyar Benin ta yau, Blackbeard ya kama shi kusa da Martinique a Nuwamban 1717. Jirgin Whydah na Sam Bellamy, wanda ya nitse a gaɓar Amurka a Afrilun wannan shekara, sunan garin Ouidah ɗin ya ci, domin shi ma jirgin bayi ne.

Bartholomew Roberts, wanda ya fi kowa kama jirage a wancan zamani, ma'aikacin jirgin bayi ne da 'yan fashi suka kama a Anomabu ta ƙasar Gana a 1719. A Janairun 1722 mutanensa sun cinna wa jirgin Porcupine wuta a Ouidah saboda kyaftin ɗinsa ya ƙi biyan fansa, alhali akwai bayi kimanin 80 ɗaure da sarƙa a ciki. Wata guda bayan haka jirgin yaƙin Ingila mai suna Swallow ya kashe Roberts a Cape Lopez ta Gabon. An rataye 52 daga mutanensa a Cape Coast, baƙaƙen fatar da aka samu a jiragensa kuma aka sayar da su bayi. Hausawa sun shiga wannan hanya da yawa ne daga baya, a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, lokacin da aka riƙa fitar da su ta tashoshin wannan gaɓa zuwa Bahia ta Barazil, inda suka shirya tawaye a 1807.

Duk wannan ba ya cikin wasannin da aka ciro daga fim. Dandalin shaƙatawa ya cire jini, fim ya ƙara fatalwa da barkwanci, wasa ya mayar da saura maki. Abin lura shi ne wasan da ya waiwayi wannan tarihi bai da lasisin kowane fim. Assassin's Creed IV: Black Flag na kamfanin Ubisoft, wanda ya fito a 2013, ya sanya Adéwalé, tsohon bawa mai sunan Yarbawa, a matsayin mataimakin kyaftin, ƙarin labarinsa mai suna Freedom Cry kuma ya kai ɗan wasa kasuwar bayi ta Port-au-Prince. Masu shi ba su da wani mai suna da zai hana su taɓa abin da zai ɓata wa iyali shaƙatawa.

Wannan bambanci ya fi nauyi a wasa fiye da fim, domin mai kallo shaida ne, ɗan wasa kuwa shi yake harba igwa ya kwashe ganima. Yaron da ya kama jirgi a allon talabijin a Malali ya ga lissafin sukari da zinariya sun ƙaru, ba wanda ya gaya masa hannun da ya noma raken, ko gaɓar da jirgin ya taso. Ba laifi ba ne a ji daɗin Jack Sparrow, tatsuniya ce kamar ta Gizo, kuma Gizo ma ba mutumin kirki ba ne. Amma matasan da yanzu suke koyon rubuta manhaja a Kaduna da Zariya za su iya ɗaukar darasi daga Akella da Ubisoft. Ɗaya ya ari suna ya manna wa aikinsa, ɗaya ya koma ga takardun tarihi. Labarin Bahaushen da aka kama a tudu, aka bi da shi hanyar kudu har Ouidah ko Ikko, ya sauka a Bahia bai manta karatunsa ba, yana nan a rubuce cikin kundayen tarihi, yana jiran mai mayar da shi wasa.