Zaren Tawada a Cikin Ruwa: Gwajin Manchesta na 1883



Ya ɗan'uwa mai karatu, duk sa'ad da na tsaya bakin famfo zan cika buta, nakan tuna wani darasi da aka yi mana a jami'a. Murɗa famfon kaɗan, ruwa zai zubo a natse, sumul kamar gilashi. Ƙara murɗawa, sai ya hargitse ya yi fari. Me ya sauya, alhali ruwan ɗaya ne, bututun ma ɗaya?

Mutumin da ya zauna ya auna wannan al'amari shi ne Osborne Reynolds, haifaffen Belfast a 1842, wanda ya zama farfesan injiniyanci a 1868 a Kwalejin Owens, wadda daga baya ta zama Jami'ar Manchesta a Ingila. A 1883 ya shimfiɗa bututun gilashi cikin tankin ruwa, ya riƙa sakin tawada siririya a bakinsa. Idan ruwan na tafiya a hankali, tawadar takan miƙe tamkar zare har ƙarshen bututu. Da ya ƙara gudu, sai zaren ya tsinke, launi ya gauraye ko'ina.

Ya gano cewa ba gudu kaɗai ke hukunci ba. Ana ninka gudun da faɗin bututu, a raba da kaurin ruwan, wato abin da ya bambanta zuma da ruwan sha. Idan sakamakon bai kai wajen 2,000 ba, natsuwa ke rinjaye. A 1908 Bajamushe Arnold Sommerfeld ya raɗa wa wannan adadi sunan Reynolds.

Abin da ya fi burge ni, tun 1874 ya yi rubutu kan tukunyar tururi, inda ya nuna cewa hargitsin da ke sa ruwa gogayya da bangon bututu, shi ne kuma ke kwashe zafi daga bangon. Uwar da ke juya koko don ya huce ta san rabin wannan magana. Ragowar rabin shi ne ciwon kan injiniya: yana son hargitsi domin inji ya huce, amma hargitsin na cin ƙarfin famfon da ke tura ruwan.

Reynolds mutum ne mai haƙuri. Yakan bar tankin ya daɗe a ajiye har ruwan ya kwanta lif, da haka ya riƙe zarensa bai tsinke ba har wajen 13,000. Kimanin shekara ɗari bayan haka, malaman jami'ar suka maimaita gwajin da ainihin kayan aikinsa, amma zaren ya riƙa tsinkewa da wuri. Da aka bincika, ashe girgizar manyan motocin da ke wucewa a titi ce.