Tsoho, Ma'aikaciya da Rufaffiyar Ƙofa: Nazarin Ƙananan Kamfanonin Kula da Mutane a Gida a Ingila

A Ingila akwai ɗimbin tsofaffi da masu naƙasa da ke zaune a gidajensu, ma'aikaciya ce ke zuwa musu sau biyu zuwa huɗu a rana. Ta tashe su, ta yi musu wanka, ta ba su abinci da magani, ta wuce gida na gaba. Yawancin kamfanonin da ke tura waɗannan ma'aikata ƙanana ne, ofis ɗaya, manaja ɗaya, sai ma'aikata 'yan kaɗan. Abin da wannan nazari ke son ganowa shi ne abin da ke tsare lafiya da mutuncin tsohon da aka rufe ƙofa da shi, daga shi sai baƙuwa.

Ta fuskar doka, an yi tanadi sosai. Hukumar CQC, wadda ta fara aiki a 2009 bisa dokar lafiya da kula da jama'a ta 2008, ita ke yi wa kamfanonin rajista, kuma laifi ne a gudanar da wannan sana'a ba rajista. Ƙa'idojin 2014, waɗanda suka fara aiki gaba ɗaya a Afrilun 2015, sun shimfiɗa matakin da ba a yarda a sauka ƙasa da shi ba. Ƙa'ida ta 12 ta shafi kula ba tare da cutarwa ba, har da sarrafa magani. Ta 13 ta shafi kare mutum daga cin zarafi, ta 19 ta wajabta binciken halin wanda za a ɗauka aiki, ta 20 kuma ta tilasta wa kamfani ya faɗa wa mutum ko danginsa gaskiya idan an yi kuskuren da ya cutar da shi. Sufeto yana auna kamfani da tambayoyi biyar: akwai aminci, aikin yana amfani, akwai tausayi, ana biyan bukatar mutum, shugabanci yana da kyau? Daga nan a ba shi ɗaya daga cikin matsayi huɗu, daga mafi kyau zuwa wanda ya gaza.

Matsalar tana cikin yanayin aikin kansa. A asibiti ko gidan tsofaffi, sufeto yana iya shiga ya ga ɗaki, ya ji wari, ya ga yadda ake ɗaga mara lafiya. A nan kuwa aikin ya watsu a gidaje masu yawa, kowanne mallakar mai shi ne. Don haka abin da sufeto ya fi gani shi ne ofis da takardu: jadawalin aiki, shaidar horo, takardar binciken laifuka ta hukumar DBS, da takardar da ma'aikaciya ke sa hannu duk lokacin da ta ba da magani. Yakan kira wasu tsofaffi da danginsu ta waya, wani lokaci ya ziyarci kaɗan da izininsu. Wannan yana da amfani, domin gurbin da ba sa hannu a takardar magani yana iya nufin mai ciwon sukari ya kwana bai sha maganinsa ba. Sai dai cikakkiyar takarda ba ta nuna ko an jira tsohuwa ta haɗiye ƙwayar, ko an ajiye mata a kan tebur an fita da gudu.

A ganina, lokaci shi ne ginshiƙin aminci a wannan sana'a, kuma shi ne abin da ƙa'idojin suka fi kasa riƙewa. A 2015 cibiyar NICE, mai fitar da jagorori kan lafiya da kulawa, ta ba da shawarar kada ziyara ta gaza rabin awa, sai idan mutumin ya san ma'aikaciyar, kuma gajeriyar ziyarar wani ɓangare ce na kulawa mai faɗi, kuma lokacin ya isa ga ɗan aikin da aka zo yi. An yi haka ne saboda ziyarar minti 15 ta yawaita. A duba abin da ake nema cikin wannan ɗan lokaci: a buɗe ƙofa, a gaisa, a taimaki mutumin da ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa ya je banɗaki, a ɗumama abinci, a ba da magani, a rubuta rahoto. Dole a bar wani abu, kuma abin da ake bari galibi shi ne dubawa a tsanake, wadda da ita ake gano jan tabo a ƙugu kafin ya zama gyambon kwanciya, ko a lura cewa ruwan da aka ajiye da safe yana nan ba a taɓa ba.

Shi kuwa lokaci kuɗi ne ke sayensa. Ƙananan hukumomi su ne manyan masu sayen wannan hidima, kuma ƙungiyar kamfanonin ta daɗe tana ƙorafin cewa abin da yawancinsu ke biya a kan awa bai kai kuɗin da aikin ke ci ba. Doka ta ce tafiya daga gidan wani zuwa na wani lokacin aiki ne wajen lissafin mafi ƙarancin albashi. Kamfanin da kuɗinsa bai isa ba sai ya matse jadawali, ziyara ta bi ziyara ba tazara, ma'aikaciya ta riƙa yanko minti daga wannan gida don ta isa wancan. Idan ta gaji ta bar aikin, sai a turo sabuwa wadda ba ta san cewa wannan dattijo yana shaƙewa da ruwa idan ba a kaurara ruwan ba.

Ƙanƙantar kamfani tana da alheri na gaske. Manaja ta san kowane tsoho da sunansa, dangi suna iya kiranta kai tsaye. Amma komai a kanta ya rataya: ita ke tsara jadawali, ita ke horarwa, ita ke duba takardu, ita ke fita aiki idan wata ba ta zo ba. Ranar da ta kwanta ciwo, tsarin duka ya kwanta. Takardar shaidar horon farko da aka ɓullo da ita a 2015 ma kamfanin ne da kansa ke tantance ma'aikacinsa ya ba shi, saboda haka ƙimarta tana bin gaskiyar wanda ya sa hannu.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara tsananta lamarin. A Fabrairun 2022 Birtaniya ta buɗe bizar aiki ga masu kula daga ƙasashen waje, kuma 'yan Najeriya na cikin waɗanda suka fi samunta. Sababbin kamfanoni suka yi ta ɓullowa. Wasu na ƙwarai ne, wasu kuwa sun karɓi kuɗi mai yawa a hannun mutane, suka kawo su, babu aikin. Gwamnati ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisi sama da 470 na ɗauko ma'aikata a wannan fanni, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000, sannan a Yulin 2025 ta rufe ƙofar bizar. Wannan batu ne na amincin tsofaffi kai tsaye, domin ma'aikaciyar da zamanta a ƙasa ke hannun maigidanta da wuya ta kai ƙarar kamfanin, ko da ta ga ɓarna da idonta.

A daidai wannan lokaci ne mai sa ido ya raunana. Binciken Dakta Penny Dash a 2024 ya gano cewa ziyarar sufetocin CQC ta ragu da fiye da rabi idan aka kwatanta da kafin annobar korona, kuma kusan ɗaya cikin biyar na wuraren da hukumar ke da ikon dubawa ba a taɓa ba su matsayi ba. Sakataren lafiya na lokacin, Wes Streeting, ya fito fili ya ce hukumar ba ta iya aikinta. Ma'anar haka ita ce rajista kaɗai ba ta tabbatar da cewa wani ya taɓa duba kamfanin.

Hukuncina shi ne ƙa'idojin Ingila masu kyau ne, kuma ƙara musu yawa ba zai tsare kowa ba muddin kuɗin awa bai isa ba, sufeto kuma bai zo ba. Wanda zai damƙa mahaifiyarsa ga irin wannan kamfani ya duba shekarar da aka yi masa binciken ƙarshe, ya tambayi mutum nawa ne za su riƙa shiga ɗakinta a mako, ya kuma tambaya ko ana biyan ma'aikata kuɗin lokacin tafiya.