Jiziya

jiziya (sn., mc.; daga Larabci) Harajin kai da wanda ba Musulmi ba yake biya duk shekara ga hukumar Musulunci, ita kuma ta tsare masa rai da dukiya da addininsa, ba a kiransa fagen yaƙi. Mai biya shi ne zimmi, wato ɗan amana. An ambace ta a Suratut Tauba, aya ta 29.

Baligin namiji mai hali ake ɗora wa. Mata da yara da bayi da matalauta ba sa biya, wanda kuma ya musulunta ta faɗi daga kansa. Kiristocin ƙabilar Banu Taglib sun ga kamar ƙasƙanci ne, sai Halifa Umar ya yarda su biya ninkin zakka da sunan sadaka. Kuɗin dai sun fita, suna ne ya canza.

Malikawa sun faɗaɗa hukuncin har ga waɗanda ba Ahlul Kitabi ba, shi ya sa Maguzawan ƙasar Kano suka zauna a ƙauyukansu suna biya a zamanin daular Sakkwato. Misali: Mai gari ya tara jiziyar bana bayan kaka.

Amanar ba daidaito ba ce, don sau da yawa an hana zimmi gina sabon wurin ibada ko hawan doki. A Indiya, Sarki Akbar ya soke ta a 1564, Aurangzeb ya dawo da ita a 1679. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta daina karɓa bayan gyaran dokar 1856, ta maye gurbinta da kuɗin fansar aikin soja.