Fuskar Itacen da Ba a Faɗi Sunan Masassaƙinta Ba

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Mu ma'aikatan rediyo ba mu cika son wannan karin magana ba, tunda da ji muke neman abinci, kuma aikinmu kullum shi ne mu siffanta wa mai sauraro abin da idonsa bai gani ba. Wataƙila shi ya sa tarihin wasu masu ɗaukar hoto na birnin Paris ya ja hankalina, mutanen da suka tashi kimanin shekaru 100 da suka wuce da niyyar sa kyamara ta ɗauko abin da sai a mafarki ake ganinsa. Salon nasu ake kira suriyalizim, kalmar Faransanci mai nufin abin da ya zarce zahiri. A yau matasa na haɗa hoton mutum yana shawagi a saman rufin gida, ko fuska mai idanu huɗu, da wayar hannu kawai. Wannan wasa yana da asali, kuma a cikin asalin akwai bashin da Afirka ke bi.

Salon ya fito ne daga ɓarnar Yaƙin Duniya na Ɗaya. André Breton, wanda ya karanci aikin likita, ya yi aiki a asibitocin sojojin da yaƙi ya taɓa wa hankali, ya kuma karanta ra'ayoyin Sigmund Freud kan mafarki. Shi da abokansa suka ga cewa wayewar da Turai ke taƙama da ita ce ta kai miliyoyin samari kabari, don haka suka juya ga mafarki da abin da zuciya ke ɓoyewa. A shekarar 1924 Breton ya wallafa takardar manufofin tafiyar.

Da farko harkar ta marubuta ce da masu zane. Wanda ya fi kowa shigar da kyamara ciki shi ne Man Ray, Ba'amurke haifaffen 1890, wanda ya koma Paris a 1921. A ɗakin wanke hoto yakan ɗora ƙananan kaya kamar mataji ko makulli a kan takardar hoto, ya kunna fitila na ɗan lokaci, sai inuwar kayan ta fito fara a cikin baƙi, ba tare da an taɓa kyamara ba. A wajajen 1929 shi da Lee Miller suka ƙware a wata dabara ta bari haske ya ɗan taɓa fim ana tsakar wanke shi, abin da ke zagaye jikin mutum da siririn layi kamar an zana da alƙalami. Da irin waɗannan dabaru aka fara raba hoto da matsayinsa na shaidar abin da ya faru.

Hoton da nake so mai karatu ya tsaya a kansa ya fito a mujallar Vogue ta Faransa a watan Mayu na 1926. Wata fitacciyar mace a cikin masu fasahar Paris, Kiki de Montparnasse, ta kwantar da kanta a kan tebur, idanunta a rufe kamar mai barci, hannunta na riƙe da wata baƙar fuskar itace a tsaye, sassaƙa irin ta mutanen Baule na ƙasar Kodebuwa. Daga baya aka sa wa hoton suna Noire et Blanche, wato Baƙa da Fara. Man Ray ya kuma buga shi a juye, fuskar matar ta koma baƙa, ta itacen ta koma fara. Hoto ne mai kyau ƙwarai, ba na musun haka. Sai dai duk inda aka buga shi za ka ga sunan mai kyamara, ka ga sunan matar, amma ba za ka ga sunan wanda ya zauna da gizago ya fitar da wannan fuska daga kututture ba, alhali rabin kyan hoton aikin hannunsa ne.

Ba za a ce mutanen Breton ba su damu da Afirka ba. A 1931 Faransa ta shirya gagarumin baje kolin ƙasashen da take yi wa mulkin mallaka a dajin Vincennes, inda miliyoyin mutane suka je kallo. Breton da abokansa suka rarraba takarda suna kira ga jama'a su ƙaurace wa bikin, wasunsu kuma suka taimaka wa 'yan gurguzu wajen shirya wani ƙaramin baje koli na tona asirin mulkin mallaka, wanda 'yan dubbai kaɗan suka halarta. Amma a watan Yulin shekarar nan dai, Breton da mawaƙi Paul Éluard suka kai tarin sassaƙe-sassaƙensu na Afirka da Amurka da tsibiran tekun Fasifik gidan gwanjo na Drouot, aka sayar. Suna ƙin mulkin mallaka da gaske, suna kuma cin kasuwar da mulkin mallakar ya buɗe.

A wannan shekara ce kuma wata tawagar bincike ƙarƙashin Marcel Griaule ta tashi daga Dakar zuwa Jibuti, ta ratsa ƙasashen da a yau ake kira Mali da Nijar da Najeriya da Kamaru da Chadi, ta koma Paris a 1933 da kayayyaki fiye da 3,000. Sakataren tawagar, Michel Leiris, tsohon ɗan ƙungiyar Breton ne, kuma a littafinsa na 1934 ya rubuta da kansa yadda suka ƙwaci wasu kayan tsafi da barazana a ƙauyukan Mali. Mujallar Minotaure, wadda masu wannan salo suka mayar gidansu, ta sadaukar da fitowarta ta biyu ga hotunan wannan tafiya.

Bayan samun 'yancin kai sai kyamara ta ƙara yawa a hannun 'yan Afirka, kuma labarin ya ɗauki wata hanya. Samuel Fosso an haife shi a Kumba ta Kamaru a 1962, ya yi ƙuruciya a kudu maso gabashin Najeriya, yaƙin Biyafara ya tarwatsa danginsa, ya ƙare a wurin kawunsa a Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Yana ɗan shekara 13 ya buɗe shagon hotonsa a 1975. Idan masu ɗaukar hoto suka watse da dare, sai ya yi amfani da ragowar fim ya ɗauki kansa cikin shiga iri-iri, wasu hotunan don ya aika wa kakarsa a Najeriya. Bikin masu hoto na Bamako na farko, a 1994, shi ya fito da sunansa duniya. A 1997 ya ɗauki kansa a matsayin basaraken da ya sayar wa Turawa Afirka, zaune cikin fatar damisa ta jabu da sarƙoƙin gwal, da farin tabarau, riƙe da manyan furanni. A 2008 ya rikiɗa ya zama mutum 14 na tarihin baƙar fata, ciki har da Nkrumah da Lumumba da Mandela da Aimé Césaire, mawaƙin Martinik da Breton ya haɗu da shi a 1941 ya kuma yaba masa matuƙa.

Ba na cewa Fosso almajirin Man Ray ne. Makarantarsa ita ce shagon hoto na unguwa, inda mutum ke aron kwat ko babur don ya fito yadda yake fata. A Gana, Philip Kwame Apagya yakan tsayar da kwastomominsa a gaban labulen da aka zana wa firji cike da abinci ko matakalar jirgin sama, su ɗauki hoto a cikin burinsu. A Habasha, Aida Muluneh, wadda ta kafa bikin hoto na Addis Ababa a 2010, takan shafe fuskokin mata da fenti fari ko shuɗi ko ja, tana aro daga adon jiki na gargajiya, kuma a 2018 ta yi amfani da wannan salo a yankin Afar wajen nuna wahalar da mata ke sha a neman ruwa. Masu sharhi a Turai sukan yi saurin kiran irin waɗannan ayyuka da sunan suriyalizim, kamar dai daga Paris kaɗai mafarki ke fitowa. Abin da ya sauya a fili yake: a 1926 fuskar Afirka kayan ado ce a hannun wata, a hotunan Fosso kuwa ɗan Afirka ne mai kyamarar, shi ne mai fuskar, shi ne kuma mai labarin. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ga matashin da ke son gwada wannan salo, aro ba laifi ba ne, domin babu mai fasahar da bai yi ba. Muna da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, da zanen bangon gidajen Zindar da Zariya, da rinin Kano, kuma kowannensu na iya zama tushen aikin hoto na shekara guda. Roƙona ɗaya ne: in ka ɗauki hoton tabarma ko ƙwarya ko ƙofar da wani ya ƙawata, ka tambayi sunansa, ka nemi izininsa, ka rubuta sunan a ƙasan hoton kusa da naka. Ka kuma adana aikinka a wuri fiye da ɗaya. A 2014, lokacin rikicin Bangi, an wawushe shagon Fosso, kuma wasu 'yan jarida da wani ma'aikacin kare haƙƙin ɗan Adam ne suka tsinto dubban fina-finansa a warwatse a ƙasa, suka tattara suka aika masa Paris.