Ƙota da bindiga: abin da kalmomi ke faɗi game da aikin masassaƙa a Adar

1. Gabatarwa

Masu binciken tarihin makamai a ƙasar Hausa sun fi maida hankali ga ƙarfe: daga ina bindiga ta fito, wa ya sayo ta, wane sarki ya tara ta. A cikin wannan ƙasida za mu dubi ɓangaren icce, wato wurin da hannu ke riƙewa. Ra'ayinmu shi ne, ko da ƙarfen baƙo ne, iccen da ke riƙe da shi aikin gida ne, kuma harshe ya adana shaidar haka. Za mu ɗauki misali daga Adar, musamman arewacinta, tsakanin Tawa da Takanamat, inda manoma Hausawa ke maƙwabtaka da Buzayen Azawak.

2. Zuwan bindiga

Tarihin Kano, wanda Palmer ya buga a 1908, ya ambaci bindiga tun zamanin Sarki Dauda, a ƙarni na 15, tare da wani baƙo daga Barno mai suna Dagaci. Masana da dama na shakkar wannan. Abin da ya fi tabbata shi ne labarin Ibn Fartuwa game da ƴan bindigar Mai Idris Aloma na Barno a ƙarshen ƙarni na 16. A Kano, Babba Zaki (1768-1776) ne aka ce ya fara ajiye ƴan bindiga masu tsaron sarki. A ƙarni na 19 Sarki Tanimun na Damagaram, wanda ya rasu a 1884, ya sayo bindigogi ta hanyar Tarabulus, ya sa aka ƙera igwa, aka kuma haɗa albarushi a Zinder.

Adar ba ta bi wannan sawu da sauri ba. Tun da Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya ci ƙasar a 1674, kamar yadda Djibo Hamani ya bayyana a littafinsa na 1975, yaƙi a nan na doki ne da raƙumi, takobi da mashi da garkuwa, sai baka da kibiya a hannun manoma. Bindigar da ta iso ƙauye kaɗan ce, tsohuwa ce, kuma babu wani sarki mai masana'antar gyaranta. Ke nan gyara ya faɗa hannun masu sana'ar gari.

3. Shaidar kalmomi

Idan muka jera kalmomin da suka shafi bindiga, sai mu ga sun kasu kashi biyu.

Kashi na farko na aro ne. Bindiga daga larabci bunduƙiyya take, kuma alamu na nuna ta biyo ta Barno, hanyar da Greenberg ya nuna a 1960 cewa kalmomi da yawa sun bi kafin su shigo hausa. Harsashi daga ar-rasas, wato darma. Albarushi daga al-barud. Duk waɗannan abubuwa ne da ake saye.

Kashi na biyu na asali ne: baki, gindi, kunama, ƙota, mariƙi. Sunayen sassa ke nan, kuma mai gyara ne ke buƙatar sunan sashe. Inda bafaranshe ke cewa crosse, bahaushe na cewa gindin bindiga. Inda hannu ke kamawa kuwa ƙota ce ko mariƙi. Ƙota kalmar gona ce: ta gatari, ta kwasa, ta hauya. Sunayen da aka laƙaba wa bindigar mafarauta, bindigar toka da harba-ka-ruga, su ma ƙirar gida ce.

Ƙaramar bindigar hannu ta zo a makare, tare da Turawa. Shi ya sa sunanta ya bi iyakar mulkin mallaka: libarba a Najeriya daga ingilishi, pistolet a bakin sojojin Nijar. Ba ta zama kayan ƙauye ba, don haka mariƙinta bai sami suna nasa na kansa ba.

4. Masu aikin da iccen

Nicole Echard ta yi bincike mai zurfi kan maƙeran Adar tun shekarun 1960, har ta ɗauki fim na narka tama. A wurin Hausawa aikin ya rabu: maƙeri na da ƙarfe, masassaƙi na da icce, baduku na da fata. A wurin Buzaye kuwa enad, jam'i inadan, shi ke haɗa ƙarfe da icce, matarsa na aikin fata. A kasuwannin arewacin Adar tsarin biyu suka haɗu.

Wurin aiki shi ne zaure ko inuwar ƙofar gida. Kayan aiki gizago ne da wuƙa, sai ƙarfe mai zafi na huda. Ana zaɓen icce busasshe wanda ba ya tsagewa: aduwa (Balanites aegyptiaca), magarya, bagaruwa, ko marke daga kudu. Ma'aunin kuwa tafin hannun mai kayan ne. Bindigogin fatauci na Birmingham da Liège na zuwa da iccensu, amma gara da zafi da faɗuwa daga raƙumi na cinye shi tun ƙarfen na da sauran rai. Sai a sassaƙa sabo, a ɗaure da ɗanyar fata, wani lokaci a liƙa laya. Bindiga ɗaya na iya sauya icce sau da yawa.

5. Abin da ya rage sana'ar

Dalili na farko doka ce. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ƙayyade shigo da bindigogin zamani a Afirka tsakanin digiri 20 na arewa da 22 na kudu, Adar na ciki. Bayan Faransawa sun kafu a Tawa a farkon ƙarni na 20, musamman bayan tawayen Kawsan na 1916-1917, riƙe bindiga ya koma sai da izini. Aikin gyara ya shiga ɓoye, abin da ke ɓoye kuwa ba ya shiga takardun komandan.

Na biyu icce ne. Dokar daji ta 1935 ta kare wasu itatuwa, sannan farin 1973-1974 da na 1984-1985 ya kashe da yawa. Namun daji suka ƙare, farauta ta ja baya.

Na uku masana'anta ce. Tun farkon shekarun 1980 kamfanin Glock ya fito da bindigar hannu mai jikin roba. A Amurka sassaƙa mariƙin katako a gida ya zama aikin sha'awa. Makaman da suka bazu a Sahel bayan rushewar Libiya a 2011, waɗanda irinsu suka hallaka fiye da mutum 130 a yankin Tiliya a watan Maris na 2021, ba su bi ta hannun masassaƙi ba.

6. Kammalawa

Gidajen tarihi kan rubuta asalin bindiga bisa tambarin da ke jikin ƙarfe, iccen kuwa a bar shi ba suna. Muna ganin wannan rabin tarihi ne. Muna ba ɗalibanmu shawara su tattara kalmomin sassaƙa a adaranci da tamashek daga bakin tsofaffin masassaƙa da inadan na Tawa da Takanamat, su kwatanta su da na ƙamus ɗin Bargery na 1934. Masu sanin waɗannan kalmomi tsufa suke yi, kuma ƙota ba ta daɗewa a ƙasa kamar ƙarfe.