Yadda Aka Gano Ɓarawon Natanz

A ƙasar Iran, wadda mutanen dā ke kira Farisa, akwai wani gari sunansa Natanz. Nan gwamnatinsu ta gina ma'aikata a ƙarƙashin ƙasa, inda a dā dubban injuna su ke juyawa dare da rana suna tace ma'adinin yuraniyam. Waɗansu ƙananan na'urori na kamfanin Siemens na Jamus su ke ba injunan umurni, su kuwa na'urorin daga kwamfuta su ke karɓa.

Ba a haɗa wurin da intanet ba, don tsoron abokan gāba. Amma ganuwa ba ta tsare abin da aka shigo da shi cikin aljihu. An fi zaton ta 'yar ma'ajiyar nan ta USB wata cutar kwamfuta ta shiga, wadda daga baya aka sa wa suna Stuxnet.

To, ku ji makircinta. Injin da ya saba juyi 1,064 a daƙiƙa ɗaya, sai ta tunzura shi ya kai 1,410, bayan 'yan makonni ta mai da shi 2. A wani salonta kuma, ta kan ɗauki lissafin daƙiƙa 21 na lokacin da kome ke lafiya, ta yi ta maimaita wa masu tsaro. Tamkar ma'ajin da ke kwashe baitulmali, littafinsa kuwa kullum daidai. Masu bincike sun ƙiyasta injuna wajen 1,000 aka cire tsakanin ƙarshen 2009 da farkon 2010.

Abin mamaki, ba masu gadin Natanz suka kama ta ba. Cikin watan Yuni na 2010 wata kwamfuta a Iran ta dinga mutuwa tana tashi, aka kai kuka ga wani ƙaramin kamfani, VirusBlokAda, a ƙasar Belarus. Nan asiri ya tonu. Sa'an nan wani Bajamushe, Ralph Langner, ya tabbatar ba kowa ta ke nema ba sai wata ma'aikata guda.

Daga wannan masana suka ƙara himma ga sa ido kan umurnin da ke bin waya zuwa injuna, da gwada abin da allo ya nuna da wani ma'auni dabam. A ganina wannan na biyun ya fi, gama mai binciken kirki buɗe akwati ya ke yi ya ƙidaya.

A watan Nuwamba 2010 Shugaba Ahmadinejad ya yarda an taɓa musu waɗansu injuna. A 2012 jaridar New York Times ta ce aikin Amurka ne da Isra'ila, amma gwamnatocin nan biyu ba su fito sun amsa ba.